Amsa: Ta ina mai sha'awar haɗa agogon hannu mai wani zai fara?

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya ƙera agogon hannu mai wani da kansa, kuma ta ina zai fara. Ƙera kowane haƙori da kowane sifirin daga ɗanyen ƙarfe aiki ne na shekaru, irin wanda George Daniels na Birtaniya ya shahara da shi, kuma yana buƙatar injin sassaƙa ƙarfe mai tsada. A ganina, mai farawa ya fara da kwancewa da haɗawa.

Ka nemi injin agogo samfurin ETA 6497, ko kwafinsa na ƙasar Sin mai suna Seagull ST36 wanda ya fi araha, domin asalinsa injin agogon aljihu ne mai faɗin kusan milimita 36.6, saboda haka sassansa manya ne, ido yana ganinsu sosai. Kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, ka saki ƙarfin babban sifirin da ke tafiyar da agogon sannu a hankali kana riƙe da kan wanin, wato abin da ake murɗawa a yi wa agogo wani, in ba haka ba haƙoran ƙafafun da ke juyawa cikin injin za su iya karyewa. Ka kiyayi siririyar wayar nan mai kama da gashi da ke daidaita bugun agogo, domin idan ta lanƙwashe ko ta kama maganaɗisu, agogon zai daina ba da lokaci daidai.

Za ka buƙaci ƙananan sukundireba, hantsaki, gilashin ƙara girma da man agogo, wanda ɗigo kaɗan ake sawa. A lokacin hunturu kuwa, ka rufe sassan duk sanda ka tashi, saboda ƙura tana iya tsayar da injin.