Idan Rediyo Ya Ɗauke Kana Tuƙi da Na'urori

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, inda ka ce kana koyon tuƙi da na'urori, wato tuƙa jirgin sama da abin da na'urorinsa suke nunawa ba da ganin ido ba, kuma kana so ka san abin yi idan ka taso daga Garwa zuwa Njamena a ƙaramin jirgi cikin hazo, rediyo ya ɗauke maka a tsakiyar hanya: shin ka juya ka koma, ko ka sauko ƙasa ka nemi ganin gari? Amsata ita ce, muddin ba ka gani tangaran, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Daga lokacin da muryarka ta yanke, abin da ya rage a hannun mai kula da zirga-zirgar jirage shi ne takardar shirin tafiyarka da izinin ƙarshe da ka maimaita masa, kuma da su zai yi lissafin inda kake ya kawar maka da sauran jirage. Idan ka juya ko ka sauko ba da saninsa ba, ka bar hanyar da ya share maka ka shiga wadda ya tura wasu.

Kafin ka yanke cewa rediyo ya mutu, ka riƙe jirgin daidai tukuna, domin shirun rediyo ba ya kayar da jirgi, amma matuƙin da ya sunkuya yana laluben maɓallai cikin gajimare yana iya karkatar da shi bai sani ba. Sannan ka bi ƙananan abubuwa: ƙarar murya, mitar da ka sa, maɓallin zaɓen rediyo na ɗaya ko na biyu, da filogin abin kunne, wanda ƙurar hunturu take shiga raminsa har ya riƙa kamawa yana saki. Ka gwada makirfon hannu da lasifikar jirgi, ka duba bireka, wato maɓallin kariyar wuta, ko ta fito. Ka kuma tabbata maɓallin magana bai maƙale ba, domin idan ya maƙale kai ba za ka ji kowa ba, kuma ka toshe wa kowa mitar.

A ƙasarmu, sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, nisa ne kawai. Rediyon VHF, irin wanda jirgi yake magana da hasumiya da shi, sai inda ido zai iya kaiwa yake kaiwa: a lissafi, jirgin da ke ƙafa 5,000 zai ji tasha har kusan mil 87 na teku, wanda ke ƙafa 9,000 kuma kusan mil 117, kuma duwatsu suna rage wannan. Tsakanin Garwa da Njamena akwai mil 190 da wani abu, don haka mai tafiya ƙasa-ƙasa yana iya samun giɓin da ba ya jin kowa. Ka koma mitar da ka baro, ka gwada hasumiyar Marwa, ka kira a 121.5, mitar neman agaji, ka roƙi wani jirgi ya isar maka da saƙo. Manyan jiragen da ke ratsa samanmu suna ji daga nesa ƙwarai, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙi wannan taimako ba.

Abin da nake so ka fi sa wa ido shi ne wutar jirgi, domin shirun rediyo wani lokaci alama ce ta matsalar da ta fi shi girma. Wata damina na taso daga Ngaundere zuwa Garwa, ina cikin gajimare, sai na ga ƙaramar fitilar gargaɗin wuta ta kama, allurar caji kuma ta kwanta ɓangaren da ke nuna batir ne kaɗai yake ciyar da jirgin. Altaneta, wato janaretan da ke ba jirgin wuta, ta daina aiki. Injin bai ko canza murya ba, tunda maganeto, wanda ba ya dogara da batir, ke ba shi tartsatsi, amma rediyo da tiransifonda (na'urar da ke aika lambar jirgi zuwa rada) da na'urorin neman hanya duk rayuwarsu ta rataya a kan batir, wanda bai kamata ka sa ran zai wuce rabin awa ba. Na kashe rediyo na biyu da fitilu da duk abin da ba dole ba, sannan, tun muryata tana fita, na yi kira guda na faɗi inda nake, da tsayin da nake, da lokacin da zan iso, da irin saukar da zan yi, na ce ana iya daina ji na. Wannan kira shi ya sauƙaƙa duk abin da ya biyo baya. Ngaundere tana kan tudu mai kusan mita 1,100, Garwa kuma ba ta kai mita 250 ba, don haka zuciya tana raya maka ka fara gangarowa da wuri, alhali duwatsun bakin tudun Adamawa suna nan ƙarƙashinka ba ka ganin su. Na riƙe tsayina har wurin da taswira ta yarda a sauko.

Idan ka tabbata maganar ta yanke, ka sa 7600 a tiransifonda, ka sa ta da natsuwa, domin 7500 na nufin an yi fashin jirgi, 7700 kuma babban hatsari. Ka ci gaba da ba da rahoto a wuraren da ya kamata kamar ana jin ka, ka faɗi cewa kana magana ba ka jin amsa, ka maimaita saƙon sau biyu, domin mai yiwuwa kunnen rediyon ne ya mutu bakinsa yana aiki.

Daga nan dokar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage, take aiki da ita a Kamaru da Chadi, ta raba hanya biyu. Idan kana gani sosai, ka ci gaba da tafiya da ido, ka sauka a filin da ya fi kusa kuma ya dace, wanda a hanyarka yana iya zama Marwa-Salak. A nan ne hazo yake yaudarar mutane. A hunturu kana iya leƙawa ƙasa ka ga kogi da rumbuna da garken shanu sarai, ka ɗago kai ka ga gabanka fari fat, babu iyakar sama da ƙasa. Ganin abin da ke ƙarƙashinka ba shi ne gani ba. Ƙasa da ƙafa 10,000 doka tana neman ganin kilomita 5 a gaba, kuma ƙurar da iska take kwasowa daga Bodele takan rage shi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wanda ya sauko neman gari a yammacin Marwa, duwatsun Mandara yake tunkara, kuma jirgin da ya bar hanyarsa shiru kusa da iyaka, a yankin da jami'an tsaro suke a faɗake, ya jawo wa kansa wata damuwar daban.

Idan kuwa ba ka gani, to agogo ne jagoranka. Inda ba a bin ka da rada, wato ana dogara da rahoton bakinka, za ka riƙe gudu da tsayin da aka ba ka na ƙarshe, ko mafi ƙarancin tsayin da ya halatta a hanyar idan shi ya fi, har minti 20 bayan ka wuce wurin rahoton dole ba ka samu ka yi rahoto ba, sannan ka koma tsayin da ka rubuta a shirin tafiya. Inda ake ganin ka a rada, minti 7 ne, ana ƙirgawa daga wanda ya zo ƙarshe cikin abu uku: isa tsayin da aka ba ka, sa 7600, ko rasa rahoto a wurin dole. Misali, ka rubuta ƙafa 11,000 amma an tsayar da kai a 9,000. Ba za ka hau ba sai waɗannan mintuna sun cika, domin su ne lokacin da mai kula yake buƙata ya gane halin da kake ciki ya kawar da wanda ke samanka. Na dage a kan wannan ne saboda yawancinku da littattafan Amurka kuke karatu, kuma dokarsu ba ta da wannan ƙirgen na 20 da 7. Ka buɗe littafin AIP na ASECNA, wato littafin bayanan filaye da hanyoyin jirage, tun kana ƙasa, ka ga abin da aka rubuta wa filin da za ka, domin wasu filaye suna da nasu ƙarin tsari.

Da ka iso, ka nufi na'urar jagora ko wurin jira na filin, ka yi ta kewayawa a can idan ka riga lokaci. Za ka fara gangarowa a lokacin da aka ce maka ka sa ran fara sauka, idan an ba ka kuma ka amsa. Idan ba a ba ka ba, sai lokacin isowa da ke shirin tafiyarka. Ka yi cikakkiyar saukar na'urori yadda take a taswira, ka yi ƙoƙarin taɓa ƙasa cikin minti 30 daga wannan lokaci. Da ka fito daga hazo ka dubi hasumiya: koren haske tsayayye izinin sauka ne, ja tsayayye ka ba wani hanya ka ci gaba da kewayawa, ja mai walƙiya filin ba lafiya kada ka sauka. Da rana ana amsawa da girgiza fukafukai, ban da lokacin kwanar ƙarshe da gangarowar sauka, da dare kuma da kunna fitilar sauka da kashe ta sau biyu. Idan batir ya ƙare kuma filaf ɗinka, wato sashen bayan fukafukai da ake saukewa don sauka a hankali, na lantarki ne, ka sa a ranka za ka sauka ba shi, da ɗan ƙarin gudu.

Ni dai ba na tashi sai da ƙaramin rediyon hannu mai caji da lambobin wayar hasumiyoyin hanyata a rubuce a takarda. Kuma duk inda ka sauka, musamman idan ba inda ake jiran ka ba ne, ka buga waya ka sanar kafin ka yi komai, domin idan aka yi minti 30 ba labarinka za a shiga matakin farko na neman jirgin da ya ɓace, a fara tayar da mutane a filaye da dama. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa.