Ka fara sauka Kumasi, dajin Mole ya biyo baya

Ɗana, assalamu alaikum. Na saurari saƙon da ka turo, na ga gara in amsa maka a rubuce, don maganar doguwa ce. Ka ce hutun ƙarshen shekara a Ghana za ka yi shi, kwana goma. Shirinka shi ne ka kama ɗaki a otal a Kumasi, ka leƙa danginmu na unguwar Aboabo da yammaci ɗaya, gari na wayewa ka yi arewa kallon giwaye a dajin Mole, daga can ka kai Paga wurin kadoji. Kana tambaya ko hakan ya saɓa wa al'ada, da irin tsarabar da ta dace, da kuma ko gaskiya ne abin da abokinka ya gaya maka, wai zuwa wurin kadojin nan shirka ne.

Kallon namun daji ba laifi ba ne, ina ma son ka je. Yammacin nan guda ɗaya ne ban yarda da shi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya sosa mini rai. Mutanen da kake shirin leƙawa ka wuce jikokin ƙanen kakanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya da shi. Fataucin goro ne ya kai shi can, kamar yadda ya kai dubban mutanen ƙasar Kano. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe hanyar Gwanja. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi da kayan fata, madugu na gaba, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi har Salaga, tafiyar watanni, sannan su juyo da goro. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ikon masarautar Asante a kan Salaga ya yi rauni, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa kasuwar gaba ɗaya. Fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Akara, zangunan da za ka gani suka cika da mutanenmu. Alhaji Umaru, babban malamin nan da aka haifa a Kano ya zauna Salaga, a Kete Karachi ya rasu a 1934. Alhasan Ɗantata ma ta wannan fatauci ya fara tara abin hannunsa, mahaifiyarsa kuma a Akara ta zauna. Ka ga ashe ba gidanmu kaɗai ke da rabin jiki a can ba.

Sau biyu gwamnatoci suka nemi raba mu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Ghana. Wasu daga cikin danginmu suka dawo Kano da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu suka zauna saboda can aka haife su. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana daga Najeriya, su ma suka kwashe kayansu cikin wahala. Duk da haka wasiƙa ba ta yanke tsakaninmu da Aboabo ba. In an yi rasuwa a nan, sai an tura wani ya kai labari, in an yi aure a can, sai goron ɗaurin aure ya iso mana. Wannan igiyar ce aka miƙo maka yanzu. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar gidanmu ta daɗe ba ta taka can ba, don haka ba da sunanka kaɗai za ka shiga gidan ba. Duk yadda ka yi, cewa za a yi haka mutanen Kano suka yi.

To ga yadda ake yi. Ka sanar da su ranar zuwanka tun da wuri, ta bakin babban gidan, ba ta wayar sa'anka ba. Ni zan kira shi in gabatar da kai. In ka isa, gidan za ka nufa da kayanka. Maganar otal ka ajiye ta. Gidajen zango a cike suke, na sani, ana iya tashin wani saurayi daga ɗakinsa a ba ka, ruwan wanka ma sai an kawo a bokiti. Ka karɓa da fuska a sake. Baƙon da ya zo garin danginsa ya kwana a otal, abin da ya gaya wa unguwa shi ne gidan bai isa ya sauke shi ba, kuma maƙwabta za su yi ta maganar bayan ka tafi, su mutanen gidan ne za su zauna da kunyar. In su da kansu suka ga ɗakin bai wadata ba suka nema maka wani wuri, wannan daban. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce. Ka ba su kwana ukun nan cikakku kafin ka ambaci daji.

Za a kawo maka ruwa kafin a tambaye ka komai. Ka sha, ko kurɓi ɗaya ne. Sannan babban gidan zai tambayi abin da ke tafe da kai, ko da ya riga ya sani, domin haka ake yi a ƙasar Asante, mutanen zango ma sun ɗauka. Ka ce zumunci ne ya kawo ka, baffanninka da goggonninka na Kano suna gaisuwa, ka ambace mu ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami. Idan mutane suna zaune a jere, daga na hannun damanka za ka fara miƙa hannu ka bi zuwa hagu, kada ka tsallake kowa ka nufi wanda ka ga ya fi shiga mai kyau. Hannun hagu kuwa, a can sun fi mu tsanantawa: ba bayarwa, ba karɓa, ba nuni.

Abu na farko bayan gaisuwa shi ne ta'aziyya. Wannan ne yaran yanzu suka fi mantawa, shi ne kuma tsofaffi ba sa mantawa. Duk wanda ya rasu a gidan tun zuwan ƙarshe da wani namu ya yi, sai ka yi gaisuwarsa, ko shekara nawa ta wuce. Zan ba ka sunayensu. Ka nemi a shiga da kai wurin matan da aka mutu aka bari, ka durƙusa daga bakin ƙofa ka yi addu'a. Washegari ka roƙi a raka ka maƙabarta. Bayan nan sai zagayen gaisuwa, kuma ba kai ne za ka tsara shi ba: za a haɗa ka da yaro ya kai ka gidajen 'ya'ya mata da suke aure a Asawase da sauran unguwanni, a kai ka wurin limamin unguwa, wataƙila har gidan Sarkin Zango. Kowane gida za a sa maka abinci. Ka taɓa, ka yaba, ka sa albarka.

Hausarsu za ta yi maka wani iri a kunne. Za ka ji an ce wa mace "ya zo", za ka ji kalmomin Asante da na Turanci a tsakiya. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Fiye da shekara ɗari suna riƙe da harshen nan a tsakiyar wasu harsuna, abin a gode musu ne. Akwai kuma 'ya'yan goggonninka a cikinsu, taubasanka ke nan, za su tsokane ka tun daga ƙofa, su ce bawansu ya zo. Ka rama cikin raha, wannan wasa haƙƙinsu ne, kuma shi ke saurin kawar da baƙunta.

Tsaraba ba ta son tsada, tana son a ga gida a cikinta. Huluna na dattawa, turmin atamfa ko shadda na uwargida, turaren wuta da humra, alkaki da nakiya, yajin Kano, dabino, takalman fata na yara. Goro kada ka ɗauka daga nan, ƙasarsa za ka je. Ka sayi mai kyau a kasuwar Kejetiya ka riƙa shiga da shi wurin tsofaffi. Kayan duka ka damƙa wa uwargida a cikin jaka guda, ita ta san wa ya kamata a ba me. In ka raba da kanka sai ka manta wata, kuma wadda aka manta ba ta mantawa. Kuɗi kuma a naɗe, a tafin hannu, ka ce ga na goro. Kada ka taɓa cewa za ka biya kuɗin abincin da ka ci. In kana son rage musu nauyi, ka sa a sauke buhun shinkafa a gidan ba tare da dogon bayani ba.

Sai a ƙarshen rana ta uku ka kawo maganar Mole, kuma da sigar neman izini. Ka ce wa babban gidan kana sha'awar ganin dajin, me ya gani. Zai sa maka albarka, zai kuma gaya maka wanda za ka nema a Tamale ko Damango. Sannan ga abin da na fi so ka yi: ka ɗauki ɗaya ko biyu daga samarin gidan ku tafi tare, kuɗin mota da masauki a kanka. Da yawa daga yaran zango an haife su a Ghana sun girma ba su taɓa ganin giwa ba, sai baƙi ke zuwa daga Turai suna gani. In kun tafi tare, tafiyar dajin ma ta zama zumunci, kuma ka sami wanda ya san hanya da harshe. Babbar jakarka ka bar ta a ɗakin da aka sauke ka, don kowa ya san nan ne gidanka, can yawo ka je.

Hanyar ta bi ta Teciman da Kintampo da Buipe, sannan a karkata yamma zuwa Damango, yini guda ne a mota. Mole shi ne daji mafi girma da Ghana ta keɓe, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kusan ninki biyu na Yankari. An keɓe shi tun 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, kuma sai da aka tashi ƙauyuka kafin a bar wa dabbobi wurin, don haka ka yi magana da mutanen yankin da ladabi, gonakin kakanninsu ne kake kallo. Lokacin da ka zaɓa ya yi kyau, domin da rani ruwa ke janyewa, dabbobi su taru a tafkunan da ke ƙarƙashin tudun da masauki yake. Za ka ga giwa da mariya da gwambaza da mazo da mugun dawa, in da rabo har gwanki da ɓauna. Ana shiga da ƙafa da sassafe tare da ma'aikacin daji mai bindiga. Abin da ya ce shi za ka yi. Inda ya ce a tsaya, ka tsaya, kada son hoto ya matsar da kai kusa da giwa, balle mai ɗa. Ka sa rufaffen takalmi, ka rage murya, kada ka ba birai abinci, su da kansu ma suna fizgewa. Idan ka tsaya gaban giwa ka ga girmanta, ka yi tasbihi, abin da ya dace da wurin ke nan.

Kafin ƙofar dajin akwai Larabanga. Kada ka wuce masallacinta na ƙasa, mai farin fenti da itatuwa a jikin bango, da tsohuwar kuka a gefensa. Mutanen garin na cewa tun 1421 yake. Kai Musulmi ne, ba ɗan kallo ba: ka gaida limami, ka nemi izini, ka yi raka'a biyu, ka sa wani abu don gyaran ginin, domin kowace damina tana cin jikinsa.

Saura Paga, can bakin iyakar Burkina Faso bayan Nabrongo. Mutanen garin suna ɗaukar kadojin tafkinsu a matsayin masu alaƙa da kakanninsu, ba sa kashe su, ba sa cin namansu. Baƙo kan sayi kaza, a kira kada da ita ya fito tudu, mutane su riƙe wutsiyarsa a ɗauki hoto. Abokinka ya yi gaggawar hukunci. Tsayawa ka kalli halittar Allah ba bauta ba ce, shirka tana cikin abin da zuciya ta ƙudurta da abin da aka yanka wa wanin Allah. Amma ni ba na son ka sayi kazar. Wurin yana da alaƙa da abin da suke girmamawa na gargajiya, barin abin da ke da shakka ya fi, kuma jefa mai rai a bakin dabba don nishaɗi ba ya cikin tausayin da aka koya mana. Ka biya kuɗin shiga, ka kalla daga nesa kaɗan, ka yi godiya ka fito. In zuciyarka ba ta kwanta ba, tambayi malamin gidan a Aboabo, ya fi ni sanin wurin.

Abin da na hana ka shi ne raini. Kada ka yi musu wa'azi a bakin tafkinsu, kada ka ce wa mai yi maka jagora ƙarya suke yi, kada ka jefi dabbar. Haka in kun tsaya a Boabeng da Fiyema, wajen Nkoranza, inda birai ke shiga gidaje ba mai taɓa su, in ɗaya ya mutu a yi masa jana'iza a binne. Mu ma kafin Musulunci ya zauna da gindinsa, gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da kan-gida, dabbar da zuriyar ba ta kashewa ba ta ci, kuma har gobe ana kai baƙi rijiyar Kusugu a Daura a ba su labarin macijin. Wannan hani da kake gani shi ya sa dabbobin suka rayu a garuruwan nan, alhali a wurare da yawa an farauce su sun ƙare.

Ka dawo Kumasi ka kwana biyu kafin ka kama hanyar Akara. Ka kawo wa gidan tsarabar arewa, doya ko man kaɗe ko zabi, ka zauna ka ba tsofaffi labarin abin da ka gani. Sallama tun daren da ya gabata ake yin ta, ɗaki ɗaki. Za su haɗa maka kaya, wataƙila fiye da ƙarfinsu, da saƙonni na mutanen Kano. Kada ka mayar da ko ɗaya, kada ka ce jaka ta cika. Ka biya kuɗin nauyi a filin jirgi, ka kuma kai wa kowa nasa da hannunka a makon da ka dawo.

Akwai aiki ɗaya da nake roƙonka. Ka sami dare guda ka zauna da tsohuwar gidan da littafi da biro, ta lissafa maka 'ya'yan ƙanen kakanmu da 'ya'yansu da inda kowa yake aure ko zaune, har waɗanda suka koma Akara da Tamale. Ita kaɗai ta rage da ta san su duka. Ka duba fasfonka da katin rigakafin shawara tun yanzu, sannan ka biyo ta gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ba ka sunayen mamatan da wasiƙar da za ka kai wa babban gidan.