Kabad ɗin kicin ya tsufa: a gyara shi ko a kafa sabo?

Tambaya: Malam, kabad ɗin kicin ɗinmu ya kai shekara 12. Fentin ƙofofin ya koɗe, maiƙo ya daskare a kan waɗanda ke kusa da murhu, biyu daga cikinsu kuma sun sauko ba sa rufuwa daidai. Maigida yana son a cire shi gaba ɗaya a kafa sabo, ni kuwa ina ganin fenti zai wadatar. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, duk abin da kika lissafa a fuskar kabad ɗin yake, fuska kuwa ita ce ta fi sauƙin gyara. Abin da zai raba gardama tsakaninki da maigida shi ne jikin kabad ɗin, wato akwatin da aka kafe a bango wanda ƙofofi da durowoyi suke rataye a kansa. Saboda haka kafin a kira kafinta ko mai fenti, ki kwashe kayan ciki tsaf, ki ɗauki tocila da sukundireba, ki fara duba na ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, domin a nan ne ɗigar bututu take yin ɓarna a ɓoye shekara da shekaru ba wanda ya lura. Ki danna bakin sukundireba a ƙasan akwatin da kusurwoyinsa na baya. Idan katakon ya ƙi lotsawa, babu kumburi, babu warin ruɓa ko baƙin tabon danshi, to kina da gaskiya, gyara ya isa. Idan kuwa ya lotsa ko yana marmashewa a hannu, to maigida ya fi ki gaskiya, aƙalla a kan wannan akwati ɗaya.

Yana da kyau ki san da me aka yi shi, don ba duk abin da ake kira katako ne yake jure ruwa iri ɗaya ba. Akwai zallan katako, akwai filawud wanda siraran falle-falle ne aka liƙa kowane falle a gicciye da na ƙasansa, sannan akwai allunan da ake yi da ɓarɓashin katako ko garinsa a matse da gam, irin su MDF. Biyun farko idan sun jiƙe suka bushe da wuri sukan riƙe ƙarfinsu. Na ukun idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa yadda yake, kuma sukuru ba ya sake kama shi da kyau, shi ya sa duk fentin da aka shafa masa asarar kuɗi ce kawai.

Ƙofofin da suka sauko ba su ba ni tsoro ba. Mafi yawan kabad na zamani suna da ɓoyayyen hinji wanda kansa ke zama cikin rami mai faɗin milimita 35 a bayan ƙofa, kuma a jikinsa akwai sukurori na daidaitawa da ke matsar da ƙofar gefe, ko ciki da waje, ko sama da ƙasa. Sau da yawa aikin minti kaɗan ne. Idan ramin sukurun ne ya buɗe, kafinta zai cusa masa guntun katako da gam ya sake hudawa.

Inda nake so ki tsaya tsayin daka shi ne wajen fentin, domin na sha ganin an ɓata kabad mai kyau da gaggawa. Sai an ciro ƙofofin an sa wa kowacce lamba, an wanke maiƙon sarai da sabulu mai narkar da shi, sannan a taɓa samfefa. Idan aka fara da samfefa, maiƙon zai shige cikin katakon ya hana fenti kamawa. A goge da samfefa mai lamba 120 zuwa 180, a share ƙurar, a shafa fentin share fage wanda ke riƙe na sama, sannan a yi shafi biyu marasa kauri, ana bi da samfefa mai lamba 220 a tsakaninsu. Idan fuskar ƙofar siririn fallen katako ne aka liƙa, wanda kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, to a goge a hankali, don in ya huje babu gyara. Ki kuma sani cewa fenti yakan bushe a taɓa cikin awoyi, amma yana ɗaukar makonni kafin ya yi tauri sosai, saboda haka a lallaɓa ƙofofin a watan farko.

Sai gargaɗi ɗaya da ba na son a ɗauke shi da wasa. Akwai fentin mai da ke ɗauke da dalma, ƙurarsa kuma guba ce, musamman ga yara ƙanana da masu juna biyu. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun makara wajen kafa irin wannan doka. A yi gugar a waje, mai aikin ya sa takunkumi, a kuma nisanta yara da kayan abinci har sai an share wurin da jiƙaƙƙen tsumma.

Tambaya: Ƙofofin kabad ɗina wata leda ce mai sheƙi aka lulluɓe su da ita, yanzu tana ɗagowa daga gefe. Akwatunan lafiyarsu ƙalau, a samansu kuma dutsen giranit ne. Zan iya shafa fenti a kan ledar?

Amsa: Alhaji, ban ba ka shawarar haka ba. Zafin murhu da tururi ne suke kashe gam ɗin da ke riƙe da ledar, kuma tunda ta fara sakin jiki za ta ci gaba, ta tafi da fentin da ka shafa. Ana iya ɓare ta gaba ɗaya a yi wa allon da ke ƙasa fenti, amma aikin yana da cin rai, gefunan MDF kuma suna shan fenti sosai sai an toshe su tukuna. Abin da ya fi dacewa da kai shi ne hanya ta uku da mutane kan manta da ita: a bar akwatunan a inda suke, a yi sababbin ƙofofi da fuskokin durowa daidai awon tsofaffin, a canja hinji da mariƙai. Mai shiga kicin ɗin ba zai gane ba sabo ba ne.

Dutsen da ka ambata shi ne babban dalilina. Giranit yana da nauyi, kuma yakan tsage wajen ɗagawa, musamman a siraran gefunan da ke kewaye da ramin kwamin wanke-wanke. Cire akwatuna kan jawo cire dutse, cire dutse ya taɓa tayil ɗin bango, daga nan sai mai gyaran famfo da mai wutar lantarki su shigo, kicin ya tsaya cak tsawon kwanaki. Duk wanda zai kwatanta kuɗin gyara da na sabo, wajibi ne ya haɗa da waɗannan a lissafinsa.

Tambaya: Ina ganin ƙananan huji a jikin kabad ɗina, kuma kullum na share sai in tarar da gari a ƙasa. Fenti zai kashe abin da ke ciki?

Amsa: Malama, ba zai kashe ba, rufe shi kawai zai yi. Garin da ke dawowa bayan shara alama ce cewa ƙwaron da ke cin katakon yana nan da rai, idan kuma kin ga hanyoyin ƙasa a bango bayan kabad ɗin, to gara ce. A fara kiran masu maganin ƙwari su duba kicin ɗin da ƙofofin ɗakunan da ke kusa, a cire duk akwatin da ya rarake a fitar da shi daga gidan, a tabbatar an kashe tushen matsalar kafin a kafa komai, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. Idan za ki sa a yi miki sabo, ki nemi allo mai kaurin milimita 18, ki dage a yi akwatin ƙarƙashin kwamin wanke-wanke da filawud ko da sauran na MDF ne, a rufe duk gefunan da aka yanka don kada danshi ya shiga, a kuma ɗora akwatunan a kan ƙafafu yadda ruwan wanke daɓe ba zai taɓa su ba.