Me Turawan Ingila ke nufi da "You alright?"

Malam, ka ce abokan aikinka a Landan kullum sai sun ce maka "You alright?" alhali lafiyarka ƙalau. Kwantar da hankalinka, gaisuwa ce kawai, irin "ya gida?" tamu. Ba labarin jikinka suke jira ba. Ka ce "Yeah, you?" ka wuce abinka. In ka tsaya zayyana musu ciwon baya, kallon mamaki za su bi ka da shi.

"Cheers" kuma yawanci "na gode" ne, har direban bas ake faɗa wa in an sauka. "Quid" fam ne, ba a yi masa jam'i: "ten quid", fam goma. "Fiver" takardar fam biyar ce. Wanda ya ce "knackered" kuwa, ya gaji tilis.

Inda zan ja kunnenka shi ne "pissed". A Amurka fushi ne, a Ingila buguwa ce da giya, kuma kalmar ba ta da ladabi. Kada ka kuskura ka furta ta gaban shugabanka da nufin ranka ya ɓaci. Haka "pants": a Landan kamfai ne, wando "trousers" suke ce masa.