Ɓera a rumbu, jemage a lambu: amsar tambayoyin manoma

Tun da sanyi ya fara shigowa ake ta sanarwar zazzabin Lassa a gidajen rediyo, tambayoyin da ke iso mini kuwa duk sun koma kan ɓera, wasu kan jemage. Ga amsar waɗanda suka fi maimaituwa.

Daga Toro, jihar Bauchi: Malam, da ɓera muka buɗe ido a gidajenmu, kakanninmu ma haka, ba mu taɓa jin ya kashe kowa ba. Yau kuma a ce shi ke kawo cuta? Kuma kowane ɓera ne?

Ɗan'uwa, cutar ta girmi kakannin naka. A 1969 aka fara gane ta, bayan ta kwantar da wasu ma'aikatan jinya na mishan a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu da kuma Jos, biyu daga cikinsu suka rasu. Amma masanan da suka bi diddigin ƙwayar cutar sun kiyasta ta kai shekara 1,000 tana yawo a wannan ƙasa tamu. Dalilin da ya sa ba a lura da ita ba shi ne, cikin mutum 10 da ta kama, wajen 8 ba sa jin komai, ko kuwa ɗan zazzabi ne ya zo ya wuce. Sauran biyun su ke jin jiki. Da can kuma in mutum ya rasu a ƙauye, cewa ake zazzabi ne ajalinsa, a yi masa sutura, babu mai ɗaukar jininsa zuwa ɗakin gwaji.

Ba kowane ɓera ba ne. Babban mai ɗauke da ita ɗan madaidaici ne, bai kai ƙaton ɓeran kwata ba, gashinsa da laushi, bayansa toka-toka, cikinsa ya fi haske. Macen takan yi nonuwa har 24, takan kuma haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki ɗaya. Shi cutar ba ta kwantar da shi, yana harkarsa lafiya lau yana zubar da ita a fitsari da kashi. A 2016 bincike a Najeriya da Gini ya sake gano ta a jikin wasu nau'o'in ɓera biyu. Don haka kada ka ɓata lokacin tantance wanne ne wanne, duk ɓeran da ya hau abincinka ka ɗauka shi ne.

Wani binciken da aka yi a ƙauyukan Gini ya nuna cewa da rani ɓeran nan ya fi yawa a cikin ɗakuna. Manomi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan: an girbe gona, hatsi ya dawo gida, ɓera ya biyo shi. Shi ya sa daga Disamba zuwa wajen Afrilu ne cutar ke tsananta, kuma Bauchi da Taraba na sahun gaba tare da Ondo da Edo a ƙididdigar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya.

Daga Jalingo: Ina shanya rogo da barkono da kuɓewa a kan dutse, wani lokaci a bakin titi, nakan bar su su kwana. Rana ba ta kashe cutar?

Hajiya, kada ki dogara da rana. Wuta ce ke kashe ta. Barkonon da zai shiga miya ya tafasa ba shi ne abin tsoro a baki ba, sai dai a hannun da ya kwashe shi ya kuma kai loma ko ya murza ido bai ga sabulu ba. Abin tsoron shi ne abin da ba ya komawa kan wuta: garin kwakin da za a jiƙa da ruwan sanyi, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, aya, dabino, yajin da za a barbaɗa.

Ɓeran nan da dare yake fita, saboda haka kwanan shanya a waje shi ne babban kuskuren. Ki shimfiɗa tamfol, in da hali a kan gadon kara ko rumfa mai tsayi, ki kwashe kafin magariba, gobe ki sake bazawa. Na san wahala ce, musamman ga mai shanya buhu-buhu, amma babu wata dabarar da ta maye gurbinta. A cikin gida kuma faifai ba murfi ba ne a wurin ɓera, tura shi yake yi. Sauran tuwo a sa shi a tukunya mai murfi mai nauyi, da safe a yi ɗumame ya yi zafi har ciki, a rufe randa.

Daga Giwa, jihar Kaduna: Duk shekara ina sayen shinkafar ɓera, su mutu, bayan wata biyu kamar ban sa ba. Me zan yi wa rumbuna?

Abin da ka gani shi masana suka gani. A yankin Faranah na ƙasar Gini an ɗauki shekaru ana zuba guba a wasu ƙauyuka kowane rani don rage Lassa. Ɓeraye sukan ragu ƙwarai, cikin 'yan watanni kuma su dawo yadda suke, domin na daji na shigowa su cike gurbi, ga haihuwarsu ba ta da wuya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai hatsi a buɗe, kana kashewa ne kana yi wa wasu shara.

Fara da raba hatsi da ɗakin kwana. Wannan ɗabi'a ta jibge buhuna a bayan gado don tsoron ɓarayi ita ke sa mutum ya kwana ɓera na bi ta kansa. In babu yadda za a yi, to a zuba a duro mai murfi, na ƙarfe ya fi, a wanke shi tas in ya taɓa ɗaukar mai ko magani, a kuma tabbata hatsin ya bushe sarai kafin a rufe.

Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu don wake tun wajen 2007, yana taimakawa, domin in an ɗaure shi da kyau ƙanshin hatsi ba ya fita ya kira ɓera. Amma haƙorin ɓera na iya huda shi, kuma da ya huje ya tashi daga aiki. A ɗora shi kan katako, a janye shi daga jikin bango yadda mutum zai iya zagayawa ya duba, kada a bar zubabben hatsi a gindinsa.

Rumbun kara ko na katako a ɗaga shi kusan mita ɗaya, kowace ƙafa a sa mata mazurarin kwano a kife, bakinsa na kallon ƙasa, ɓera in ya hawo ya tokare. Na ƙasa da ke kan duwatsu a share ƙarƙashinsa, a daina mai da shi ma'ajiyar tsofaffin tukwane da itace. A sare reshen da ya sunkuyo kan jinka, a ɗauke tsanin da aka jingina, a nome ciyawa kewaye. Ramin da ɗan yatsa zai shiga ƙaramin ɓera zai shiga, a toshe da siminti ko laka da aka cuɗa da fasassun kwalabe. Tarin kara da harawa da juji su yi nesa da ɗakuna.

Wurin da mutane ke kwasar cuta ba su sani ba shi ne ranar sharar rumbu ko sito. Busasshen kashin ɓera da fitsarinsa in tsintsiya ta tayar da su ƙura suke zama, a shaƙa. A buɗe wurin ya sha iska tukuna, a haɗa ruwan bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 a yayyafa, a bari minti 5, sannan a kwashe da danshi, hanci da baki a rufe, hannu cikin safa ko leda. Wannan ba aikin yara ba ne, ba kuma na mai ciki ba.

Bayan an yi duk wannan ne tarko ke da amfani. Na fi son tarko a kan guba, domin guba na ƙarewa a cikin kaji da kyanwa, wani lokaci a hannun yaro mai rarrafe, ɓeran kuma ya je ya mutu inda ba a gani. Mushen kada a ɗauka da hannu tsirara, a sa leda a binne da zurfi ko a ƙone. Kyanwa a bar ta ta yi aikinta. Mujiya ma haka: tsuntsuwar da muke jifa saboda camfi, ɓera ne abincinta kowane dare, ba ta kuma karɓar ko sisi.

Daga Dambatta: Yarana na ƙona daji suna kamo gafiya da kurege. In an gasa da kyau akwai matsala?

Gashin ba shi ne matsalar ba, kamun da fiɗar ne. Cizo, yaƙushi, jini a hannun da ke da tsaga, nan cuta ke shiga tun nama bai ga wuta ba. A 2003 an kai gafiyoyi da wasu ƙananan dabbobin daji daga Gana zuwa Amurka don masu kiwon sha'awa, ta dalilinsu ƙyandar biri ta ɓulla can ta kama mutane da dama. Ƙona dajin kuwa asara biyu ce: ya cinye abin da zai zama taki da abincin dabbobi, ya kuma koro ɓerayen da suka tsira zuwa cikin gari. Ka hana su, Malam.

Daga wani mai lambu a Zariya: Jemagu sun addabi mangwarona da gwaiba. Zan iya yanke inda suka ciza in sayar da sauran? Maƙwabta sun ce mu sa wuta a bishiyar da suke kwana.

Wanda aka ciza kada ka ci, kada ka sayar, kada kuma ka zuba wa dabbobi. Ga dalili. A Malesiya, tsakanin 1998 da 1999, an dasa itatuwan marmari a jikin garken aladu, jemagu na ci suna yar da saura, aladu na lashewa. Ta haka cutar Nipah ta tsallaka daga jemage zuwa alade zuwa masu kiwo, mutum fiye da 100 suka mutu, aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya. A Bangaladash kuma tun 2001 ake fama da ita ta ruwan bishiyar dabino da ake tara wa a tukwane cikin dare a sha ɗanye, jemagu na sa baki a ciki. Maganin da ya yi aiki can ba wani abin kuɗi ba ne, asabarin gora aka saƙa aka lulluɓe wurin tsagar da bakin tukunyar.

Ba a samu ɓarkewar Nipah a Afirka ba. Sai dai an ga alamun danginta a jinin manyan jemagun nan masu launin ciyawa da ke cika bishiyoyi a Akara da Kumasi, an kuma ga irin alamun a jinin wasu masu fiɗar jemage a Kamaru. Marburg kuwa, 'yar'uwar Ebola, tana jikin jemagun kogo ne, ta kuma ɓulla a yankin Ashanti na Gana a 2022. Masu shiga kogo ko tsohon ramin ma'adinai ɗibar kashin jemage don taki su ne a bakin hatsari, ba mai lambu ba.

Batun wuta, ku bar shi. A Yuganda, bayan Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka a 2007, an toshe ramin aka kashe jemagun. Wasu suka zo suka maye wurin, da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da cutar sun ninka na da fiye da sau biyu, a 2012 kuma ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Ga shi kuma ranar kisan ce ranar da mutane za su taɓa jininsu da hannu. Bayan haka, furen kuka da ɗorawa da rimi da dare suke buɗewa, jemage ne babban mai yi musu barbara. Wanda ya ƙarar da jemagun garinsu ya taɓa miyar kuka da daddawar gidansa. Ƙananan da ke shiga silin kuwa ƙwari suke ci, har da malam-buɗe-littafin dare masu haifar da tsutsar gona.

Abin yi: ka riƙa tsinke mangwaro da ya ƙosa kafin ya nuna a bishiya, domin nunanne suke bi. Gwaiba da ƙananan itatuwa a lulluɓe da raga ko a ɗaure 'ya'yan cikin jakar takarda. Wanda ya faɗo a tattara da safe a binne kafin yara da awaki su riga ka, lafiyayyen kuma a wanke shi. Kada a ɗaure dabba ko a ajiye kwamin ruwa ƙarƙashin bishiyar da suke kwana. Na cikin silin a jira su fita da magariba a toshe ƙofar da raga, amma ba lokacin da suke da 'ya'ya a ciki ba. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin jemagu na ɗauke da dangin ciwon haukan kare.

Daga Ningi: Yaya zan bambanta Lassa da zazzabin cizon sauro?

A kwanakin farko ba za ka iya ba, likita ma sai da gwajin jini. Takan bayyana cikin mako 3 da ɗaukarta: zazzabi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro da ƙirji, amai ko gudawa. Kumburin fuska da zubar jini sai ta yi nisa, da yawa ma ba sa zubar da jinin sam, saboda haka kada a zauna jiransa. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne: zazzabin da aka sha maganin maleriya kwana 2 zuwa 3 bai sauka ba, a bar kemis a tafi asibiti, a kuma faɗa wa likita in an yi sharar rumbu, ko fiɗar naman daji, ko jinyar mai irin wannan ciwo. Maganin da ake bayarwa, ribabirin, da ƙarin ruwa da kula da ƙoda, a farkon ciwo suka fi amfani.

Mai ciki ba a jira da ita ko kwana ɗaya, domin a watannin ƙarshe cutar na kashe ɗan tayi a fiye da kashi 80 cikin 100, uwar ma tana cikin hatsari. Cikin waɗanda suka warke kuma wajen 1 cikin 4 kan samu matsalar ji, wasu ya dawo bayan 'yan watanni, wasu ya tafi ke nan.

Tana bin jini da amai da fitsarin majinyaci zuwa mai jinya, don haka mutum ɗaya ya tsaya a kansa, da safar hannu, a ware masa kwano da kofi. In Allah ya yi masa rasuwa a bar jami'an lafiya su jagoranci wanka da sutura. Asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi na da sashen masu wannan cuta, kamar yadda na Irrua a jihar Edo ya daɗe da shi. Allurar rigakafi ba ta fito ba tukuna, a 2024 aka shiga mataki na biyu na gwajin wata allura a Abuja. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.