Tambayoyinku: idan taga ta ƙone, ɗaki kuma ya yi duhu

Tambaya daga wani dillalin gidaje a Kaduna: Idan na ɗauki hoton falo da rana, ko dai taga ta fito fari fat, ko ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Wayata ce ta lalace?

Wayarka lafiyarta ƙalau, Malam. Kyamara ba ta iya kama tsananin haske da tsananin duhu a ɗauka guda. Ka kunna HDR, wato tsarin kyamara na daidaita haske da duhu, wanda iPhone ta samu tun 2010, wayar za ta ɗauki hotuna da dama a jere ta haɗa su. Ka dai riƙe ta da hannu biyu.

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoto a Zariya: Na sa HDR Scape na manhajar gyaran hoto ta Snapseed har ƙarshe, amma abokan ciniki sun ce hoton ya yi kama da zane.

Abokan cinikinka sun fi ka ido. Wannan maɓalli hoto guda yake murɗawa, kuma abin da rana ta riga ta ƙone a hoto babu manhajar da za ta dawo da shi. Aikin gaskiya shi ne ka kafa kyamara a kan ƙafarta, ka ɗauki hoto uku, ɗaya daidai, ɗaya ka rage haske mataki biyu saboda sararin sama, ɗaya ka ƙara haske mataki biyu saboda inuwa, kana sauya saurin ɗauka kawai ba tare da taɓa faɗin ƙofar ruwan tabarau ba, domin taɓa ta yana canza abin da ya fito tangaran. Daga nan ka haɗa su a manhajar Lightroom, ko ta Hugin idan ba ka son biyan kuɗi. Dabarar ma tsohuwa ce, domin tun wajen 1857 Gustave Le Gray a Faransa yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu share inuwa gaba ɗaya, har gajimare ya zama toka, farin haske ya kewaye rufin gida, fuskar ango ta koma kamar an shafa mata man gyaɗa. Ku bar inuwa ta zauna inuwa.

Tambaya daga Katsina: A hotunan hawan Sallah dokina ya fito da kai biyu.

Doki ba ya jiran hoto uku: kafin a gama ɗauka ya motsa, shi ya sa kan ya fito biyu da aka haɗa hotunan. Kashe HDR, ka ɗauki guda a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda ya fi karɓar gyaran haske da inuwa daga baya.