Daga Aikin Jinya Zuwa Karatun Likita: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a wani babban asibitin gwamnati, shekarata 29, ina da aure da yara biyu. Tun ina sakandare likita nake son zama, da ban samu gurbi ba sai na tafi makarantar jinya. Yanzu abin ya dawo ya hana ni sukuni. Ina da takardar RN, wato shaidar nas mai rajista, da ta ungozoma. Za su ba ni shiga aji biyu kai-tsaye, ko sai na koma na sake JAMB? Kuma in ajiye aiki ne in fuskanci karatu?
*Daga wata 'yar'uwa a Zariya*

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ce mai hatsari. Kada ki ajiye aiki. Ko da sakamako ya fito kin ga maki mai faranta rai, ki ci gaba da zuwa aikinki har sai sunanki ya fito a shafin JAMB, kin danna kin karɓi gurbin, kin bugo takardar kin riƙe a hannu. Dalili kuwa, karatun likita ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne da jami'a za ta ɗebi ɗalibai son ranta. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ita ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. A jami'o'i irin su ABU da BUK da Danfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri, mai maki 250 cikin 400 a jarrabawar JAMB ma ba shi da tabbas, ga kuma tantancewar da jami'ar ke yi daga baya. In kin saki albashi tun yanzu, kin saki reshe kin kama ganye.

Batun takardunki, gaskiyar ba daɗi amma gara ki ji ta yanzu. RN da takardar ungozoma hanya ce mai kyau ta shiga aji biyu a digirin jinya, wato BNSc. A karatun likita kuwa yawancin jami'o'i ba sa karɓarsu su kaɗai. Abin da suka saba nema ga mai son shiga kai-tsaye shi ne sakamako mai ƙarfi na IJMB ko JUPEB, wato jarrabawoyin share fagen shiga aji biyu na jami'a, a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, ko kuma digiri mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu a fannin kimiyya da ya danganci lafiya. Kowace jami'a da nata sharaɗin, kuma yana canzawa, don haka ki buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a intanet ki karanta na jami'ar da kike so da idonki, sannan ki taka zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai ki tabbatar. Kada ki gina shirin shekara guda a kan "an ce".

Ni dai da ni ce ke, JAMB ɗin zan koma. IJMB karatu ne na kusan shekara guda da ke son zaman aji kullum, abin da mai aikin safe da na dare ba za ta iya ba, kuma guraben shiga kai-tsaye 'yan kaɗan ne ƙwarai. Bambancin duka shekara ɗaya ce: shida ta hanyar JAMB, biyar ta kai-tsaye. Wannan shekarar ta farko ma alheri ce ga wadda ta yi shekara goma rabonta da Kemistiri. A nan kwanyarki za ta sake sabawa da lissafi da haddar da ta manta, kafin a shiga babban aiki.

Yau ɗin nan ki ɗauko sakamakonki na WAEC ko NECO ki duba. Ana son kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Tsufan takardar ba matsala ba ne, sakamakon ba ya lalacewa. Matsalar ita ce jami'o'i da dama suna son a same su a zama ɗaya ga mai neman likitanci. In naki haɗi ne, ki yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu tun kafin JAMB ta zo. Ki kuma duba cewa sunanki da ranar haihuwarki a katin NIN sun yi daidai da na takardun makaranta, musamman in kin sauya suna bayan aure. Wannan ƙaramin abu ya sha tsayar da mutane a bakin ƙofa.

Sai lissafin shekaru, wanda ya kamata ku zauna ku yi da maigida, ba ke kaɗai a zuci ba. In kin shiga kina 30, za ki gama kina 36, in ba a samu tsaiko ba. Ki sa tsaiko a lissafi: yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Bayan nan akwai shekara guda ta horon sababbin likitoci a asibiti kafin cikakken lasisi. Hidimar ƙasa dai ba za ta hau kanki ba, tunda wanda ya wuce 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi. Wa zai kai yara makaranta? Wa zai riƙe su daren jarrabawa? Wace kafa za ta toshe gurbin albashinki? In ya amince, ya amince yana sane da waɗannan. Amincewar da aka yi cikin zumuɗi takan yi sanyi a aji uku, daidai lokacin da kika fi bukatarta.

A wurin aiki kuma, ki nemi hutun karatu a rubuce ta hannun shugabar ma'aikatan jinya. Akwai mai albashi, akwai marar albashi, kuma mai albashin yakan zo da yarjejeniyar dawowa ki yi musu aiki. Wasu ma'aikatun kan ja baya da hujjar cewa sauya layin aiki ne. In haka ta faru, ko marar albashin kika samu ki karɓa, ya fi murabus nesa ba kusa ba. Arewa na ƙishirwar likitoci mata, duk wanda ya ga layin mata a ɗakin awo ya san haka. Ki shiga ofishin da wannan hujjar, kai a ɗage.

Anti, ni namiji ne, ina aikin jinya a ɗakin taimakon gaggawa. Na samu gurbin likitanci bana. Niyyata in riƙa yin aikin dare, da rana in je aji. Ai yawancin abubuwan na san su, ko?
*Daga wani ɗan'uwa a Bauchi*

Barka da arziki, Allah ya sa albarka. Amma ɗan'uwa, wannan "na san su" ɗin nake so ka ajiye a gida.

Abin da ka sani yana da yawa, kuma babu mai ƙwace maka shi. Ka san fuskar wanda jininsa ya zuba kafin a auna shi, ka iya neman jijiya a hannun yaron da ya bushe, ka san yadda ake yi wa dangin majinyaci magana. Sai dai duk wannan ba zai fara biyanka ba sai ka kai aji huɗu, lokacin da ake shiga asibiti. Kafin nan akwai aji biyu da uku, inda ake karanta ƙirar jikin ɗan'adam gaɓa-gaɓa tare da feɗe gawa, da yadda sassan jiki ke aiki, da sinadaran da ke tafiyar da su. An taɓo maka su a makarantar jinya, amma zurfin ba ɗaya ba ne. A can an koya maka inda ake soka allura don kauce wa jijiya. A nan za a tambaye ka daga ina jijiyar ta taso, ta ina ta bi, me take motsawa, kuma me zai faru in ta yanke. A ƙarshen wannan zango ne ake babbar jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai. Makin ci 50 cikin 100 ne, wanda ya faɗi ya sake, in ya sake faɗi ya maimaita aji, daga nan kuma sai sallama zuwa wani kwas.

Saboda haka aikin dare na dindindin ba zai haɗu da waɗannan shekarun ba. Ko dai karatun ya sha wuya, ko majinyacin da ke hannunka da ƙarfe uku na dare ya sha, kuma na biyun ya fi muni. A aji ɗaya za ka iya lallaɓawa. Daga aji biyu ka koma aikin cike gurbi a asibitoci masu zaman kansu, ƙarshen mako ko lokacin hutu, kuma ka daina gaba ɗaya in jarrabawa ta matso. Kada ka bari lasisinka na jinya ya mutu, ka riƙa sabunta shi a kan lokaci, shi ne jarinka.

Ka tara abin da za ka iya a wannan shekarar ta farko. In jami'ar gwamnati ce, ka nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024: ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai-tsaye ga jami'a, da ɗan kuɗin kashewa na wata-wata. Ka kuma leƙa ma'aikatar lafiya da hukumar tallafin karatu ta jiharku, don wasu jihohin suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci bisa sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki.

Abu na ƙarshe, ka shirya wa zuciyarka. Wata rana za ka tsaya a bayan layi lokacin zagayen duba marasa lafiya, nas ɗin da kai ka koya wa aiki ita ke riƙe da ɗakin, likitan da ya girme ka da ilmi amma ka girme shi da shekaru yana yi maka tambaya a gaban yara. Ka amsa a matsayin ɗalibi. Ba ƙasƙanci ba ne.

Ina da naira 300,000 da na ware don shirin JAMB. Wata ƙawata ta ce in sayi tablet da abin sauraron ƙirji na Littmann da littattafan likitanci tun yanzu. Wata kuma ta ce lesin ya fi.
*Daga wata ma'aikaciyar jinya a Gusau*

Ta biyun ta fi gaskiya. Littmann abu ne mai kyau, amma sai nan da shekara huɗu za ki bukace shi, kuma wanda kike aiki da shi yanzu ya isa. Manyan littattafan likitanci ba sa fitowa a JAMB. Abin da ke fitowa manhajar sakandare ce, tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 kowanne a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. In kin raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya.

Bayoloji ba zai ba ki wahala ba, sai dai ki waiwayi ɓangaren tsirrai da muhalli da gado. Inda nas-nas ke zubar da maki Fiziks ne da lissafin Kemistiri. A nan kuɗinki ya kamata ya tafi. Maimakon cibiyar lesin mai jadawalin da ba ta san aikin dare ba, ki nemi malamin sakandare ƙwararre ku shirya da shi a kan ranakun hutunki, ko ku haɗu ku uku ku raba kuɗin. Ki sauke manhajar darussan JAMB kyauta, ki sayi littattafan sakandare ko da na hannu ne, da tarin tambayoyin baya, da manhajar gwaji da ke aiki a waya ko kwamfuta ba tare da data ba. Ki yi rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB, don hannunki ya saba da kwamfutar cibiya. Kuɗin rajistar duka a 'yan shekarun nan bai kai naira 10,000 ba. Ki ƙara da fitila mai caji. Ragowar ki ɓoye, kuɗin rajistar aji ɗaya na nan tafe.

Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya ɗaga miki maki ko ya samo miki gurbi, ki toshe lambarsa.

Wani dillali ya ce zai samo mini gurbin likitanci a ƙasar waje ba tare da JAMB ba. In sayar da filina?
*Daga wani nas a Damaturu*

Ka dakata tukuna. Da yawan likitocinmu a Sudan da Masar da wasu ƙasashen suka yi karatu, kuma sun iya aiki. Amma ka tuna yadda yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 suka watso ɗalibanmu gida, wasu suna ajin ƙarshe, suka shiga faɗi-tashin neman inda za su ƙarasa. Ka tuna kuma kuɗin makaranta da dala ake biya, kuma tun 2023 naira ta faɗi warwas. Filin da zai biya shekarar farko ba lallai ya kai ka ta uku ba. Ka lissafa shekara shida cif, har da abinci da haya da tikitin jirgi. Ka tuntuɓi MDCN da kanka a kan ko ta amince da makarantar, domin in ka dawo sai ka ci jarrabawarta ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin ka taɓa majinyaci. Kuɗin makaranta kuma a asusun jami'ar ake zubawa, ba a na dillali ba.

Gaskiya Anti ni wulaƙancin da ake yi mana a wurin aiki ne ya ishe ni. Shi ya sa nake son in zama likita.
*Daga wata 'yar'uwa a Kaduna*

Na ji zafin da ke cikin wasiƙarki, kuma ba ƙarya kika faɗa ba. Sai dai ɓacin rai ba zai riƙe ki shekara bakwai ba, kuma sabon likita ma yana shan nasa daga na sama da shi. Ki tambayi kanki: gano cuta da yanke shawarar magani ne ke jan hankalinki, ko kuwa daraja da ƙarin albashi kike nema? In na farko ne, ki koma amsar 'yar'uwarmu ta Zariya ki fara shiri. In na biyu ne, akwai hanya mafi kusa a cikin jinyar kanta. Ga digirin BNSc, wanda jami'ar karatu daga gida ta NOUN ke bai wa masu RN suna kan aikinsu, daga nan har digiri na biyu da na uku da koyarwa. Ga kuma kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna kusa da ke, jinyar ƙashi a asibitin Dala na Kano, ko aikin ɗakin tiyata da ba da maganin barci a asibitocin koyarwa. Ki sami likita mace da nas mai ƙwarewa waɗanda kika yarda da su, ki zauna da kowacce ta faɗa miki yadda makonta ke tafiya, sannan ki yi istihara kafin lokacin sayar da fom.